Jagorar Shirya Fim ɗin Dokumentari, Daga Neman Izini Zuwa Nuna Shi ga Jama'a

Matashin da ya ƙudiri niyyar shirya fim ɗin dokumentari, wato fim da ake ɗauka daga rayuwar mutane ta zahiri ba tare da 'yan wasa ko ƙagaggen labari ba, yakan fara ne da tambayar wace kyamara zai saya. Tambayar tana da gurbinta, amma sai an yi nisa a aikin ake isa gare ta. Abin da ya kamata ya riga komai shi ne yardar mutanen da za a ɗauka, domin su ne za su ci gaba da zama a unguwarsu bayan an gama nuna fim ɗin, kuma duk abin da ya jawo, alheri ne ko akasinsa, a kansu zai fara sauka. A kan wannan fahimta aka jera matakan da ke tafe. Domin kada bayanin ya tsaya a iska, zan riƙa komawa ga misali guda, wato fim a kan marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano.

Mataki na farko: samo mutum da tambaya

"Sana'ar rini a Kano" batu ne da ya dace da rahoton minti 3, amma ba zai riƙe mai kallo tsawon awa guda ba. Fim yana buƙatar mutumin da yake neman wani abu, da abin da ya tare masa hanya, da kuma lokacin da za a bi shi a ga yadda za ta kaya. A karofi, wannan mutum zai iya kasancewa dattijon marini da ke son ɗansa ya gaje shi, alhali yadin kanti mai araha ya cika kasuwa, ɗan kuma hankalinsa ya koma wata sana'a. Daga nan tambaya ta samu: wa zai riƙe wannan rami idan dattijon ya gaza?

Sani Magori, ɗan garin Galmi a Nijar wanda ya karanci aikin gona kafin ya shiga harkar fim, ya nuna yadda ake yin haka a fim ɗinsa na 2008. Maganar albasar Galmi ce, amma ya rataya ta a kan wani aure da yiwuwarsa ta dogara ga abin da gonar albasa za ta bayar, sai farashin buhu ya zama abin da mai kallo ke bi da fargaba. Ka gwada rubuta naka labarin cikin jimla 2. Idan ya ƙi shiga, da sauran tunani a gabanka, kuma gara ka yi shi yanzu da ka yi shi bayan kuɗin mota da na masauki sun ƙare.

Mataki na biyu: bincike, kyamara tana gida

Bincike iri biyu ne. Na takarda shi ne wanda za ka yi a wurare irin su Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Amfaninsa shi ne ka iya bambance abin da aka tabbatar da abin da aka gada a baki. Shekarar 1498 ita ce aka saba ambata a matsayin lokacin kafa marinar Ƙofar Mata, kuma mai shirya fim da ya san aikinsa zai bar marinan su faɗe ta da bakinsu, ko ya nuna inda aka rubuta ta, maimakon ya sa muryar mai sharhi ta yanke hukunci a kanta.

Na biyu shi ne zama da mutanen. Ka je ka zauna a gefen rami, ka ga yadda ake haɗa baba da toka, ka san tsawon kwanakin da ruwan ke ɗauka kafin ya nuna, ka bi zane har wurin mabuga inda ake buga shi ya yi sheƙi, ka ji labarin turkuɗin Kura da Buzaye ke saye. A irin wannan zama ne za ka gano cewa wani babban ɓangare na aikin, wato ɗaure zane domin fitar da ado, mata ne ke yin sa a cikin gidaje. Wannan bayani kaɗai ya isa ya sauya tsarin ayarinka, domin dole ka nemi mace mai iya riƙe kyamara da na'urar sauti, in ba haka ba rabin labarin zai tsaya a bayan zaure.

Mataki na uku: izini

A nan ne fina-finai da yawa ke lalacewa tun ba a fara su ba, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Izini hawa-hawa ne. Akwai na shugabannin wuri, wato shugaban masu sana'ar, da mai unguwa, wani lokaci har dagaci ko hakimi. Ana zuwa musu ne tare da wanda suka sani, a gaisa yadda ya kamata, a bayyana manufa a fili: "Ranka ya daɗe, muna son mu ɗauki aikin marina na tsawon watanni, za a nuna shi a talabijin da intanet, shi ne muka ce sai mun fara zuwa an sa mana albarka." Akwai kuma na hukuma. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, tana da ƙa'idojinta a kan masu shirya fim, kuma ya kamata ka je ofishinta ka ji abin da ake bukata a lokacin da za ka yi aikin, saboda ƙa'idojin sukan sauya. Idan za ka tashi jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a Najeriya, akwai izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Barikin soja da filin jirgi da makamantansu kuwa ba a nuna musu kyamara sai da takarda a hannu.

Duk waɗannan ba su ɗauke maka neman yardar mutumin da zai fito a fim ɗin ba. Amincewar mai unguwa ba ta wadatar a madadin ta marini, haka nan amincewar maigida, ko da yake sai da ita za a shiga gidan, ba ta wadatar a madadin ta matarsa. Ka tambaye ta ita kanta, ta bakin abokiyar aikinka, a inda za ta iya cewa a'a ba tare da jin nauyin kowa ba. Yara kuwa sai da izinin iyaye ko wanda ke riƙe da su, kuma wannan ya shafi almajirai, waɗanda aka mayar da su kamar kayan ado a fina-finan da ake yi a kan Arewa, ana ɗaukar su da kwano a hannu ba tare da an tambayi malaminsu ko su kansu ba. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata sababbin masu shirya fim su ƙaurace mata.

Yarda tana inganta ne idan mutum ya fahimci abin da ya yarda da shi. Ka gaya masa da Hausar da zai gane cewa hoton zai iya shiga wayar surukansa da ta abokan gabarsa, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Gidajen talabijin da masu ba da tallafi za su nemi takardar amincewa mai sa hannu, saboda haka ka tanade ta da Hausa, da boko ko da ajami. Wanda ba ya karatu sai a karanta masa, a kuma ɗauki amincewarsa a kyamara, yana faɗin sunansa da abin da ya amince da shi.

Maganar kuɗi ma a warware ta tun farko. Ra'ayina shi ne kada a sayi magana, domin wanda aka biya don ya yi bayani zai faɗi abin da yake zaton mai biya na son ji. Amma idan ka hana marini aikinsa na yini guda, adalci ne ka biya shi abin da ya rasa, kuma kai goro ga dattawa al'ada ce da ba ta ɓata komai.

Idan batun mai haɗari ne, kamar shaye-shaye ko daba ko rayuwar 'yan gudun hijira, nauyin ya ninka. Binciken da BBC ta fitar a 2018 a kan maganin tari mai kodin ya sa gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi cikin 'yan kwanaki, abin da ke nuna irin ƙarfin da wannan aiki yake da shi. Sai dai a tuna cewa ɗaukar hoto a ɓoye, irin wanda aka yi a wannan bincike, aiki ne na kafar da ke da lauyoyi da tsarin kare ma'aikatanta, kuma bai dace mai farawa ya kwaikwaye shi shi kaɗai ba. Hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce wadda Aisha Macky ta bi a fim ɗinta na 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara a Damagaram, garin da aka haife ta. Matasan sun san ana ɗaukar su, sun kuma buɗe mata rayuwarsu, kuma irin kusancin da ake gani a fim ɗin ba ya samuwa a ziyarar kwana biyu.

Mataki na huɗu: takardar tsari da kasafi

Duk wanda zai ba ka kuɗi zai nemi ganin abubuwa kusan iri ɗaya: taƙaitaccen labari na shafi guda, bayanin dalilin da ya sa kai ne ya dace ka yi wannan fim, bayanin yadda fim ɗin zai kasance a ido da kunne, jadawalin aiki, kasafi, da samfurin hoto na minti 3 zuwa 5. Samfurin ya fi sauran tasiri, domin a cikinsa ake ganin ko mutumin da ka zaɓa yana riƙe ido, da kuma ko ya saki jiki da kai.

Daga cikin wuraren da 'yan Afirka ke neman tallafi akwai asusun IDFA Bertha da ke Amsterdam, da asusun Hot Docs-Blue Ice na Toronto, da kasuwar fina-finai ta Durban a Afirka ta Kudu, da Ouaga Film Lab a Burkina Faso. Da Turanci ko Faransanci ake cike takardunsu, gasar kuma tana da zafi, don haka kada ka jingine aikinka kana jiran su. A kasafin, ka ware kashi 10 cikin 100 domin abin da ba a zata ba, kuma kada ka tauye kuɗin haɗa fim da gyaran sauti da fassara, waɗanda su ne masu farawa suka fi mantawa da su har sai aljihu ya bushe.

Mataki na biyar: ɗauka

Mai kallo yana haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. Saboda haka idan kuɗinka kaɗan ne, ka fara da makirufo mai maƙalewa a riga, da ƙaramar na'urar naɗar sauti, da abin sauraro na kunne wanda ba za ka cire ba muddin ana ɗauka. Wayar hannu mai kyau, idan aka ɗora ta a kan ƙafa uku, tana iya yin fim ɗin farko. Ka saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa guda, saboda wutar lantarkin Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma saɓa wa wannan yakan sa hasken ƙwan lantarki ya riƙa rawa a hoto. Sauti kuma a naɗe shi a kan saitin 48 kHz na na'urar.

Hasken hantsi da na la'asar sakaliya su ne suka fi kyau. Rana tsaka takan jefa inuwa a kan idanu, musamman ga wanda ya sa hula ko rawani, don haka a wannan lokaci a koma inuwa ko rumfa. A lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kada ka sauya gilashin kyamara a fili, a bazara kuwa zafi yakan kashe na'ura ana tsakiyar hira, sai a riƙa rufe ta da farin ƙyalle ana ba ta hutu. Ka tsara yininka bisa lokutan salla. Ka saurari wuri kafin ka kafa kaya, domin janareta da injin markaɗe da hon ɗin adaidaita sahu ba sa fita daga sauti bayan sun shiga. Kafin ka bar kowane wuri, ka roƙi jama'a su yi shiru na minti guda ka naɗi sautin wurin kawai, edita, wato mai haɗa fim, zai buƙace shi wajen haɗa maganganu.

Kowane aiki ka ɗauke shi daga nesa, da matsakaicin nisa, da kuma kusa ƙwarai: dukkan karofin, sannan marini a bakin raminsa, sannan hannunsa da shuni ya rina. Kowane hoto ya kai aƙalla daƙiƙa 10 ba tare da girgiza ba.

Wajen hira, ka guji tambayar da za a amsa da "e" ko "a'a". Maimakon "Baba, sana'ar nan tana da wahala?" sai ka ce, "Baba, ba ni labarin ranar da mahaifinka ya fara barin ka ka tsoma zane da kanka." Idan ya yi shiru, kada ka yi hanzarin cike gurbin, domin sau da yawa maganar da ta fi nauyi tana zuwa ne bayan shirun. Ka kiyaye kunya irin ta mutanenmu: akwai dattijon da ba zai ambaci sunan ɗansa na fari ba, akwai matar da ba za ta faɗi sunan mijinta ba, kuma matsa musu a kan haka zai rufe bakinsu a kan sauran abubuwa. Mai sana'a ya fi sakin baki idan hannunsa na kan aiki, don haka ba dole ba ne a zaunar da shi a kujera. Ba laifi ka roƙi mutum ya maimaita abin da ya saba yi idan kyamara ta kuskure shi, amma sa shi ya yi abin da ba ya yi, ko ya faɗi abin da ka rubuta masa, ya fitar da aikin daga dokumentari.

Mataki na shida: ajiya

A daren kowace ranar ɗauka, ka kwafe komai zuwa wurare 3, ɗaya daga ciki ya kasance a wani gida dabam, kuma kada ka goge memori sai ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki. Ka sa wa kowace jakar fayiloli a kwamfuta kwanan wata da sunan wuri. Daga nan a rubuta dukkan hirarrakin kalma da kalma tare da lokacin da kowace magana ta faɗo.

Mataki na bakwai: haɗa fim

Ka kalli duk abin da ka ɗauka kafin ka yanka komai, ko da awa 40 ne. Daga nan ka jera fim ɗin a takarda, fage bayan fage, kana tambayar kanka abin da ya sauya a kowanne. Manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki. Idan da hali ka ɗauki edita, domin wanda ya sha rana wajen ɗaukar hoto yakan ƙi rabuwa da shi ko da ba ya ƙara wa labarin komai. Haɗin farko zai yi tsawo, kuma haka ya kamata. Ka nuna shi ga mutum 4 ko 5 da ba su san labarin ba, ka lura da inda suka fara duba wayoyinsu.

Muryar mai sharhi a rage ta iya yiwuwa, a bar ta ga abin da hoto da mutanen ba za su iya faɗa ba. Wajen yanka magana, halal ne a taƙaita, amma haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata domin mutum ya faɗi abin da bai nufa ba cin amana ne, ko da babu wanda zai gane.

Kiɗa da waƙa suna da masu su. A dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, saboda haka waƙar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ta zama ta kowa da kowa ba, sai an nemi izinin masu haƙƙinta a rubuce. Ya fi sauƙi ka nemi makaɗi ya yi maka sabon kiɗa bisa yarjejeniya, kuma a fim ɗin marina sautin mabuga kansa ya isa ya ɗauki fage da dama. Fassarar da za a rubuta a ƙasan hoto kada ta wuce layi 2 a lokaci guda, kuma a ba wa wanda ya san karin harshen masu maganar, domin Hausar Damagaram ko ta Sakkwato tana da kalmomin da Bakano zai iya juya musu ma'ana.

Kafin kowa ya gani a waje, ka koma ka nuna wa waɗanda ke cikin fim ɗin. Wannan ba ya nufin miƙa musu almakashi su cire duk abin da bai yi musu daɗi ba. Manufar ita ce su nuna maka kuskuren bayani, da kuma abin da zai iya jefa wani cikin haɗari ko tozarci wanda kai baƙo ba za ka hango ba.

Mataki na takwas: fitar da shi, da rayuwa a kan sana'ar

Ka yanke shawarar hanyar da fim ɗin zai bi kafin ka ɗora shi a YouTube, domin manyan bukukuwan fina-finai da yawa ba sa karɓar wanda ya riga ya bazu a intanet. Akwai FESPACO a Wagadugu, wanda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara 2, da IDFA a Amsterdam a watan Nuwamba, da iREP a Legas wanda ya keɓanta ga dokumentari, da bikin Zuma a Abuja. Nuna fim ga jama'a a Najeriya yana buƙatar tantancewar hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, ƙari a kan ta jiha inda take. Idan tashar talabijin ta nemi fim ɗin, ka ba ta lasisin nunawa na ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden yanki, kada ka sayar da shi ɗungurungum. Kuma ka ware kuɗin majigi da farin ƙyalle domin a nuna shi a unguwar da aka ɗauke shi, saboda abin takaici ne a ce an kalli fim a Turai alhali mutanen cikinsa labarinsa kawai suka ji.

Mutane ƙalilan ne ke ci da sha daga fina-finan kansu kaɗai. Galibi ana haɗawa ne da aikin kwangila na ƙungiyoyin agaji da gidajen talabijin, da yi wa baƙin 'yan jarida jagora da tafinta, da koyarwa. Mai son karatun sana'ar yana iya duba Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, ko da yake bin wani gwani a matsayin mataimaki na shekara guda ko biyu yana koyar da abin da aji ba ya koyarwa. A aikin kwangila ka san cewa saƙon na mai kuɗin ne, ka yi shi da kyau, amma ka bambanta shi da naka. Kowace yarjejeniya ta fayyace abubuwa 3 a rubuce: wanda ke da hukuncin ƙarshe a kan haɗin fim, wanda ya mallaki ɗanyen hoton da ba a yi amfani da shi ba, da yadda za a biya kuɗin, wanda ya fi kyau a kasa shi kashi uku, a farkon aiki, da bayan ɗauka, da ranar miƙa fim. Idan mai kwangilar ne zai riƙe ɗanyen hoton, ka sa a rubuta cewa ba za a yi amfani da shi a wani aiki dabam ba sai an koma an sake neman yardar mutanen da ke cikinsa.